Tsohon Kaya a Kasuwar Intanet: La'ada, Haraji da Amana

A fitowar wannan wata za mu duba wani al'amari da ya shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu mazauna Faransa da maƙwabtanta, ɗalibai ne ko ma'aikata ko matan aure. Ya kuma shafe mu da muke gida, tunda sau da yawa kayan da suke sayarwa daga hannunmu suke fita, kuɗin kuma wajenmu suke dawowa. Al'amarin kuwa shi ne sayar da tsofaffin kaya a kasuwannin intanet: nawa mai kasuwar yake cira, yaushe hukumar haraji take samun labari, kuma ina iyakar take tsakanin mai rage kayan ɗakinsa da ɗan kasuwa.

Dillaliya ta koma cikin waya

Sayar da abin da aka gama amfani da shi ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Tun kaka da kakanni, idan mace ta so rabuwa da zane ko tasa ko kwalla, dillaliya take kira, ta gaya mata farashin da take so, ita kuwa ta bi gida-gida da ƙullinta, in ta sayar ta cire la'adarta ta kawo saura. Namiji ma haka yake kai rigarsa ko rediyonsa ga dillali a bakin kasuwa. Kowa ya san fuskar dillali, kowa ya san ladansa, in kuma aka sami saɓani akwai manyan kasuwa da za su zauna su sasanta.

A Turai da Amurka kamfanoni ne suka karɓi wannan aiki. An kafa eBay a Amurka a shekarar 1995, wanda ya kafa shi kuwa Pierre Omidyar ne, haifaffen birnin Paris. A 2006 aka buɗe Leboncoin a Faransa, inda ake tallar komai daga kujera har mota. A 2008 aka kafa Vinted a birnin Vilnius na ƙasar Lituwaniya, ya shiga Faransa a 2013, ya zama babbar kasuwar tsofaffin tufafi, wato abin da muke kira gwanjo ko bosho. A 2016 kuma Facebook ya buɗe tasa kasuwar. Mai kaya ya ɗauki hoto da wayarsa, ya rubuta farashi, mai saye ya biya, a kai ƙunshin wurin aikawa, kuɗi su shiga asusu. Sauƙin abin ne ya sa mutane da yawa suke shiga ba tare da sun karanta sharuɗɗan da suka amince da su ba.

La'adar da ba a gani

Tambayar farko da ya kamata mai kaya ya yi ita ce: wa ke biyan dillali? Domin kuwa banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma babu kamfanin da zai ɗauki nauyin tallar kayan miliyoyin mutane don neman lada.

Kasuwannin sun kasu kashi biyu. Na farko su ne masu cire la'ada daga hannun mai sayarwa. A Amurka eBay yana cire kimanin kashi 13 cikin 100 a yawancin nau'o'in kaya, da wani ɗan ƙayyadadden kuɗi a kan kowane ciniki. Abin lura shi ne la'adar ba a kan farashin kaya kaɗai ake lissafa ta ba, ana haɗawa da kuɗin aikawa da mai saye ya biya. Wanda ya sayar da kaya a kan dala 100, mai saye ya ƙara dala 10 na aikawa, za a cire masa la'adar dala 110, alhali dala goman nan kamfanin aikawa ne zai ci. Haka Etsy, kasuwar kayan aikin hannu, ya ɗaga la'adarsa zuwa kashi 6.5 cikin 100 a watan Afrilu na 2022, ban da kuɗin ɗora talla da kuɗin karɓar biya.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka ɗauke nauyin daga mai sayarwa suka ɗora wa mai saye. Vinted ya bi wannan hanya tun 2016. Mai kaya yana karɓar farashinsa cif, mai saye kuwa yana biyan abin da suke kira kuɗin kariyar mai saye, wanda a Faransa aka daɗe da sanin shi da santim 70 da kashi 5 cikin 100 na farashi. Bisa wannan lissafi, rigar yuro 20 za ta tashi wa mai saye yuro 21 da santim 70, kafin a ƙara kuɗin aikawa. Ganin yadda jama'a suka raja'a a kan wannan tsari, eBay ya soke la'adar masu sayar da kayan kansu a Jamus a watan Maris na 2023, ya soke a Ingila a watan Oktoba na 2024, sa'an nan a watan Fabrairu na 2025 ya sanya wa masu saye na Ingila nasu kuɗin kariya.

Kada mai kaya ya ce wannan bai shafe shi ba. Mai saye jimillar abin da zai fitar yake dubawa. In yuro 25 ya tanada, kuma kariya da aikawa za su ci biyar ko shida, to abin da zai taya bai wuce 19 ko 20 ba. Ashe dai la'adar daga cikin darajar kayan take fita, ko da wane hannu aka karɓe ta. Bayan haka akwai kuɗin ɗaga talla sama domin a gan ta, wanda Vinted da Leboncoin duka suke sayarwa. Ana biyansa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma wanda ya ɗaga tallar takalmin yuro 8 sau biyu ko uku yana iya tarar da cewa ya ba kamfani rabin kuɗin takalminsa. Don haka kafin a ɗora kaya a yi lissafi a rubuce: farashi, a cire la'ada in akwai, a cire kuɗin kwali da kuɗin talla, abin da ya rage shi ne ainihin abin da za a samu. Sharuɗɗan kuma suna canjawa daga shekara zuwa shekara, sai a riƙa komawa ana karantawa.

Abin da hukuma take sani

A da, cinikin da aka yi ta waɗannan kasuwanni tsakanin mutum ne da kamfani. Faransa ta fara sauya haka da dokar yaƙi da zamba ta 2018, wadda ta tilasta wa kamfanonin su riƙa aika wa hukumar haraji bayanin masu sayarwa, aikin da ya soma a 2020. Sa'an nan a watan Maris na 2021 Tarayyar Turai ta amince da wata doka da aka fi sani da DAC7, ta fara aiki ran 1 ga Janairu na 2023 a dukan ƙasashen tarayyar, aka kuma miƙa bayanan farko a farkon 2024.

Ga abin da dokar ta ce. Duk wanda ya yi ciniki sau 30 ko fiye a cikin shekara a kasuwa guda, ko kuma abin da ya karɓa ya haura yuro 2,000, to dole kamfani ya miƙa bayaninsa. Ɗaya daga cikin biyun ya isa, ba sai sun haɗu ba. Ga mai lissafi da sefa, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, yuro 2,000 ya kama kimanin sefa miliyan 1 da dubu 312. Bayanin da ake miƙawa ya ƙunshi suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar haraji, asusun bankin da kuɗi suke shiga, yawan ciniki da jimillar kuɗi na kowane wata uku, da la'adar da aka cire. Kamfani yana aika wa mai sayarwa kwafin wannan bayani kafin ƙarshen watan Janairu. Wanda aka nemi ya ba da bayanansa ya ƙi, bayan an tunatar da shi sau biyu kuma kwana 60 sun wuce, za a rufe masa shafi ko a riƙe kuɗinsa har sai ya bayar. Ƙasashen tarayyar kuma suna musayar bayanan, saboda haka mazaunin Beljiyam da ke ciniki a kasuwar da ofishinta ke Lituwaniya bai ɓuya wa hukumar ƙasarsa ba.

A nan ne ruɗani ya fi yawa, har wasu suka daina sayar da kayan yaransu don tsoro, wasu kuma suka ɗauka cewa duk wanda bai kai ciniki 30 ba ya kuɓuta. Duka biyun kuskure ne. Dokar DAC7 ba ta ƙirƙiro sabon haraji ba, ba ta kuma yafe wani tsoho ba. Iyakarta ta faɗi wanda za a kai sunansa. Bari mu kawo misali uku. Uwar gida ta sayar da tsofaffin kayan 'ya'yanta guda 40 a kan yuro 5 kowanne: za a miƙa sunanta, amma ba a binta ko santim. Magidanci ya sayar da kujerun falonsa da firij a kan yuro 2,300 zai sauya gida: za a miƙa sunansa, shi ma ba a binsa kome. Saurayi ya sayi takalma 25 a lokacin rangwame da niyyar sayarwa, ya samu yuro 1,500: ba za a miƙa sunansa ba, amma doka ta wajabta masa ya bayyana kuɗin da kansa.

Abin da ake biya wa haraji

Asalin ƙa'ida a Faransa ita ce, wanda ya sayar da kayan da ya saya don amfanin kansa, ya gama da su ya rabu da su, ba ya biyan haraji, ba ya ma buƙatar ambatonsu a takardar bayyana kuɗin shiga. Hikimar a fili take: yawanci ƙasa da yadda ya saya yake sayarwa, babu ribar da za a ɗora wa haraji.

Sai dai akwai togaciya guda biyu. Ta farko, idan kaya guda ɗaya ya haura yuro 5,000, wato kimanin sefa miliyan 3 da dubu 280, kuma aka sami riba a kansa, ana biyan kashi 19 cikin 100 na ribar, tare da kuɗaɗen asusun jin daɗin jama'a. Kayan ɗaki da na'urorin gida da mota ba sa cikin wannan hukunci. Ta biyu ta shafi iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata kai tsaye, domin magana ce ta zinariya. Zinariya ko azurfa da aka sayar a matsayin ƙarfe mai daraja, kamar sanda ko tsabar zinariya, ana cire mata kashi 11 cikin 100 na farashin da aka sayar, da ƙarin kashi 0.5, kome ƙanƙantar cinikin. Kayan ado kuwa, irin su sarƙa da awarwaro, sai sun haura yuro 5,000 ake cire musu kashi 6 da ƙarin 0.5. Doka ta ba mai kaya zaɓin ya biya a kan riba kaɗai maimakon a kan dukan farashi, amma da sharaɗin ya iya nuna ranar da ya saya da yadda ya saya. Wannan ya isa ya sa kowace mace ta adana rasit ɗin zinariyarta, ko a Makka ta saya ko a Dubai ko a gida.

Yaushe mai rage kaya yake zama ɗan kasuwa

Abin da hukuma take dubawa shi ne niyya da maimaici. Wanda ya sayi kaya don ya sayar, ko ya ɗinka ko ya ƙera don ya sayar, kuma ya mayar da abin al'ada, ɗan kasuwa ne a idon doka, ko da a ɗakin kwanansa yake ajiye hajarsa. Alamomin ba su da wuyar ganewa: kaya sababbi da tambarinsu, riga iri ɗaya a girma daban-daban, ciniki kusan kowane mako, saye da sayarwa a cikin 'yan kwanaki. Irin wannan hankali ne ya sa a kasuwannin tsofaffin kaya da ake ci a unguwanni da ƙauyukan Faransa, doka ta taƙaita wa wanda ba ɗan kasuwa ba shiga sau biyu kawai a shekara, kuma kayan kansa kaɗai zai baza.

Zama ɗan kasuwa ba laifi ba ne, sana'a ce mai albarka, kuma an tanadi hanya mai sauƙi ga ƙaramin mai sana'a. Zai yi rajista, wadda tun watan Janairu na 2023 ake yin ta ta ƙofa guda a intanet, a ba shi lambar sana'a. Zai riƙa biyan hukumar URSSAF wani kaso na abin da ya sayar, wanda a 2024 ya kasance kashi 12.3 cikin 100 ga masu sayar da haja. Wajen harajin kuɗin shiga kuma ana yafe masa kashi 71 cikin 100 na jimillar ciniki a madadin kuɗin sari da ɗawainiya, a lissafa sauran kashi 29. Wanda ya sayar da kayan yuro 6,000 a shekara zai ba URSSAF yuro 738, a kuma ƙara yuro 1,740 a kan kuɗin shigar gidansa, wanda ga iyali mai ƙaramin ƙarfi sau da yawa ba ya kaiwa ga biyan kome. A lura cewa lissafin a kan jimillar ciniki ake yinsa, ba a kan riba ba. Mai saro kaya yuro 90 ya sayar 100 zai biya fiye da ribarsa, don haka wannan tsari bai dace da mai ƙaramar riba ba.

Wanda ya ɓoye kuwa, hukuncin yana da nauyi. In hukuma ta gano sana'ar da ba a yi wa rajista ba, tana iya komawa baya har shekara 10, ta ɗora ƙarin kashi 80 cikin 100 a kan harajin da ake bi. Laifin ɓoye sana'a kuma yana iya kaiwa ga ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000. Mai karɓar tallafin iyali ko na haya daga gwamnati, in ya ɓoye kuɗin kasuwancinsa, ana iya neman ya mayar da abin da aka ba shi. Ga baƙo kuwa, duk wannan yana iya biyo shi ranar da zai je sabunta takardar zama.

Inda abin ya taɓa mu na gida

A nan muke roƙon iyaye su saurara da kyau. Ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai, katin zamansa na ɗalibi ya ba shi damar aikin albashi har awa 964 a shekara, amma bai ba shi damar buɗe sana'ar kansa ba. Yana da 'yancin sayar da littattafansa da rigar sanyinsa da kekensa. Amma idan uwa ko gwaggo ta cika masa akwati da atamfa da shadda da turaren wuta, ta ce ya sayar a intanet ya aiko da kuɗin, to ta sanya shi cikin kasuwancin da takardarsa ba ta yarje masa ba. Yaro mai biyayya ba zai iya cewa a'a ba, kuma shi ne sunansa zai fito a takardar da za a aika wa hukuma. Ribar akwati biyu ba ta kai darajar shekarun karatu da dukiyar da aka zuba a kai ba.

Kayan da ake aikawa ma suna da nasu hukunci. Matafiyin jirgin sama yana da rangwamen shiga da tsarabar da ba ta wuce yuro 430 ba, amma wannan na kyauta ne da amfanin kai. Hajar sayarwa dole a bayyana ta ga jami'an duwan kome ƙanƙantarta. Nama da kayan nono kuwa, irin su kilishi da cuku, an hana matafiya shiga da su Tarayyar Turai gaba ɗaya, balle a kai su kasuwa. Sa'an nan akwai jaka da takalmi da agogo na jabu masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni, waɗanda suka cika kasuwanninmu har ba ma ganinsu a bakin kome. A Faransa sayar da su laifi ne mai kai mutum kotu, kuma cewa ban sani ba, ba ta cika fitar da mutum ba.

Abu na uku shi ne aron suna. Wani zai zo wa ɗan'uwansa ya ce nawa shafin ya kusa kai 30, ko ba ni da asusun banki, bari in sayar ta naka. Wanda ya yarda ya sani cewa duk cinikin da aka yi a kansa za a rubuta, kuɗin asusunsa za su shiga, kuma in tambaya ta taso shi zai amsa. Zumunci bai wajabta wa kowa ɗaukar wannan kaya ba, kuma mai neman alfarmar da za ta jefa ɗan'uwansa cikin hatsari bai yi masa adalci ba.

Ingila da Amurka a taƙaice

Ga masu 'yan'uwa a Ingila, irin wannan ƙa'ida ta miƙa bayanai ta fara aiki a watan Janairu na 2024, da iyaka iri ɗaya, wato ciniki 30 ko kwatankwacin yuro 2,000. Can ma sayar da kayan kai ba shi da haraji, sai kaya guda ya haura fam 6,000 kuma an ci riba. Tun 2017 kuma an ba ƙaramin mai sana'a rangwamen fam 1,000 a shekara, wanda bai wuce haka ba babu abin da ake binsa. A Amurka wata doka ta 2021 ta sauko da iyakar miƙa bayani zuwa dala 600, aka yi ta ɗage fara aiki da ita, har a watan Yuli na 2025 wata sabuwar doka ta mayar da tsohuwar iyaka ta dala 20,000 da ciniki 200. Amma can ma riba abar biya wa haraji ce, ko an aika takarda ko ba a aika ba. Kowace ƙasa da nata, kada a ɗauki hukuncin Landan a kai Liyon.

Abin da malamanmu suka riga suka bambance

Mai nazari zai ga cewa iyakar da dokar Faransa ta shata tsakanin kayan amfani da hajar kasuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da shata irinta a babin zakka. Kayan da mutum ya mallaka don amfanin kansa, tufafi ne ko kayan ɗaki ko abin hawa, babu zakka a kansu. A mazhabar Malikiyya, in ya sayar da su, kuɗin sai sun shekara a hannunsa daga ranar da ya karɓa, kuma sun kai nisabi, su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinsa. Amma abin da ya saya da niyyar sayarwa haja ce. Mai jujjuya haja kullum yana ƙiyasta darajar abin da ke hannunsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar kuɗinsa, in sun kai nisabi, wato darajar kimanin giram 85 na zinariya, ya fitar da kashi 2.5 cikin 100. Harajin gwamnati kuma, a wajen mafi yawan malamai, ba ya maye gurbin zakka, domin kowanne da masu haƙƙinsa. Saboda haka littafin lissafi guda ɗaya zai yi wa mai sana'a aiki biyu.

Haka maganar aibi. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Wannan ya fi ƙarfi a cinikin da mai saye bai taɓa kaya da hannunsa ba, hoto kawai ya gani da 'yan kalmomi. Wanda ya juya riga don kada tabo ya fito a hoto, ko ya rubuta cewa waya lafiyarta lau alhali batirinta ba ya riƙe caji, ya ci amana, ko da mai sayen baƙo ne da ba za su taɓa haɗuwa ba. Dokar Faransa ma ba ta bar wannan ba. Gaskiya ne cewa damar fasa ciniki cikin kwana 14 ba ta aiki tsakanin mutum da mutum, sai in ɗan kasuwa ne ya sayar, amma lamunin ɓoyayyen aibi yana kan kowane mai sayarwa, kuma mai saye yana da shekara 2 daga ranar da ya gano aibin ya kai ƙara. Ɗan kasuwar da yake fakewa da rigar mai sayar da kayan kansa, don ya hana masu saye haƙƙinsu na fasawa, ya haɗa laifi biyu, na doka da na amana.

Nasiharmu

Wanda yake rage kayan gidansa ya ci gaba da hankali kwance, ya adana rasit ɗin manyan kaya, ya ajiye takardar da kamfani yake aiko masa a watan Janairu, in an nemi lambar harajinsa ya bayar. Wanda ya ga cinikinsa ya koma sari da sayarwa, ya duba ko takardar zamansa ta ba shi dama, in ta ba shi ya yi rajista tun kafin a neme shi, ya kuma bayyana kuɗinsa a lokacin cika takardar haraji, tsakanin Afrilu da farkon Yuni. Wanda abin ya shige masa duhu ya je ofishin harajin unguwarsa ya tambaya, amsar kyauta ce, kuma ta fi ta abokin hira inganci. Mu kuma na gida, kafin mu ɗaure akwatin haja mu aika, mu fara tambayar yaro ko doka ta yarje masa, mu kuma ba shi damar ya gaya mana gaskiya ba tare da tsoron fushinmu ba. Wanda ya shiga ƙasar mutane da takardar izini ya ɗauki alkawarin bin dokarsu, cika alkawari kuwa halin mumini ne. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Allah ya sanya albarka a cikin nemanmu, ya tsare 'ya'yanmu a duk inda suke, ya ciyar da mu da halal. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.